Kafin a Sayi Majigi, a Saya Mana Almakashi: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Makarantun Unguwannin Hausawa a Legas

Zuwa ga iyayenmu masu makarantu, da shugabannin kwamitocin iyaye da malamai, da dattawan unguwanninmu na Agege, Mile 12, Idi-Araba, Obalende da Alaba Rago.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwar ban girma, ina fatan kuna lafiya, ya kasuwa, ya hidima da jama'a, ya kuma ruwan bana. Allah ya ƙara girma, ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi da 'ya'yanmu.

Ni malamar aji huɗu ce a wata makarantar unguwa da ta haɗa boko da Islamiyya. Ba bakina kaɗai na ɗauko ba. Na ari bakin 'yan'uwana malamai, maza da mata, waɗanda muke haɗuwa a wajen biki ko a cikin motar haya ta danfo mu yi ta kuka iri ɗaya, mu rabu ba wanda ya kai maganar gaba. Mun san abin da kuka yi. A garin da ɗaki ɗaya yake cinye albashin mutum, kun nemi fili, kun ɗora bulo, kun sa rufi, don kada ɗan Bahaushe ya tashi bai iya Fatiha ba ko bai iya rubuta sunansa ba. Ba mu manta ba. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata takarda ce da aka ba mu mu raba wa yara su kai gida. An ce daga zango mai zuwa kowane uba zai ƙara kuɗi a kan kuɗin makaranta, za a sayi majigi da kwamfutocin hannu. Da na tambayi abokan aiki a wasu unguwannin, sai na tarar iskar ta kaɗa ko'ina: wasu sun riga sun karɓi kuɗin, wasu suna shirin karɓa. Dalilin da ake bayarwa ɗaya ne, wai makarantun maƙwabta sun rubuta a allon tallarsu cewa suna da kayan zamani, kuma ita kanta gwamnatin jiha tun 2019 ta fara raba wa malaman firamarenta kwamfutocin hannu a shirin EKOEXCEL. Gaskiya ne ta raba. Sai dai a lura, malami aka miƙa wa na'urar nan, yana karanta tsarin darasinsa a ciki. Yaron da ke kan benci har gobe da fensir da littafi yake aiki.

Ranar da na raba takardar nan, ajina ba maka (alƙalamin rubutu a farin allo) mai rubutu ko ɗaya.

To bari in fara da nan. Shekarun baya aka ɗauke mana baƙin allo aka kafa fari, don ya fi kyau a ido kuma ba ya ƙura. Mun yi murna. Abin da ba a lissafa ba shi ne farin allo ba ya cin alli, maka yake ci, ita kuwa maka kwana kaɗan take yi ta bushe, balle a aji mai zafi inda murfinta ke ɓata. Ana ba mu guda a mako, wani makon a ce ta ƙare a ofis. Daga Laraba sai ka ga malami yana girgiza maka yana hura mata iska, rubutun yana fitowa kamar sawun tururuwa, yaran bencin baya suna miƙe wuya. In ta mutu gaba ɗaya, sai a koma shifta: malami ya faɗa, yara su rubuta abin da kunnensu ya ji. Yaron aji biyu da bai gama sanin haruffa ba, me zai rubuta? Da yawanmu daga albashinmu muke saye, kuma kun fi kowa sanin nawa ne albashin. Kwalin alli guda kuwa yakan kai malami makonni, in ya karye ma guntun yana rubutu.

Na biyu shi ne wanda ya fi ci mini rai, don haka ku yi haƙuri in daɗe a kansa.

Yaranmu a Legas da harshe uku ko huɗu suke tashi. Hausa a gida, Yarbanci da burokin a layi, Larabci a Islamiyya, sannan su shigo aji a ce da Turanci za a koya musu lissafi. Yaro yana fama da lissafin, yana kuma fama da harshen da ake faɗin lissafin. Abin da zai raba masa wannan gardama shi ne abin da zai riƙe a hannu, domin tsinke goma tsinke goma ne a kowane harshe, ba ya neman tafinta.

Akwai wani yaro da na koyar, babansa albasa yake sayarwa a Mile 12. Ran Asabar shi ke zama a kan kaya, kuma duk wanda ya san kasuwar nan ya san ba a yi wa yaron mai albasa wayo a canji. Amma a aji, in na rubuta 52 a cire 17, sai ya ba ni 45. Yana duba 2 da 7, ya ga biyu ba ta isa a cire mata bakwai ba, sai ya juya su ya cire biyu daga bakwai. Na yi bayanin aro har muryata ta dishe. Ya haddace "a aro ɗaya", ya rera tare da 'yan aji, gobe ya sake ba ni 45. Rannan na kwance tsintsiyar gidana, na kakkarya tsinkayen daidai tsawon yatsa, na ɗaure su goma-goma da robar ɗaure kuɗi. Na ajiye masa ɗauri biyar da tsinke biyu a kan tebur, na ce ba ni goma sha bakwai. Ya miƙo ɗauri ɗaya. Ya kalli tsinke biyun nan, ya kalle ni. Ya yi shiru. Can sai ya sa hannu ya cire robar ɗauri guda, tsinkaye suka baje, ya ƙirga bakwai ya ba ni, ya ƙirga saura: ɗauri uku da tsinke biyar. Ya ɗago kai ya ce, "Malama, ashe canji ake yi!" Shi ke nan. Abin da yake yi kowace Asabar in an ba shi ɗari biyar ya nemo 'yan ɗari-ɗari, shi ne na yi wata guda ina kira masa aro. Tun daga ranar ban ƙara ganin 45 a littafinsa ba.

Tsintsiya ɗaya ta yi wannan aikin, da roba ta 'yan nairori. Amma tsintsiyata ɗaya ce, yaran ajina kuwa sun haura hamsin, alhali tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. In ana so kowane benci ya samu nasa, sai an tanada.

Haka abin yake a kowane babi. Yaro ya haddace cewa kusurwoyin alwatika in an haɗa su digiri 180 ne, ya rubuta a jarrabawa, bayan hutu ya manta. Ba shi kwali da almakashi ya yanka alwatikarsa, ya yage kusurwoyin uku ya jera su a gefen rula, ya ga sun miƙe sun zama layi ɗaya, sannan ya duba na maƙwabcinsa da ya yanka wata iri daban ya ga shi ma haka. Wannan ba ya mantuwa. Haka 22 bisa 7 da ake sa su rerawa kamar waƙa: a kawo murfin bokiti da zare, a zagaye bakinsa, a gwada zaren a faɗin murfin, sai ga faɗin ya shiga tsawon zaren sau uku da ɗan ragowa. A gwada a faranti, a gwada a murfin gwangwanin madara, amsar ba ta canzawa. Rabi da kwata kuwa ninke takarda kawai suke so. Duk wannan yana cikin manhajar da aka ce mu koyar, littafin ma yana cewa "a sa yara su yanka", "a sa yara su auna". Da me? A makarantarmu almakashi ɗaya ne, yana ofis, da shi ake buɗe kwalin littattafai.

Sakamakon rashinsa kuma ba a takarda kaɗai yake tsayawa ba. Da ba mu da abin fiƙe fensir a aji, yara reza suke zuwa da ita a aljihu. Na taɓa ɗaure wa wata yarinya yatsa da gefen mayafina, jini yana ɗiga a kan littafinta, saboda ta karɓi rezar ƙawarta za ta fiƙe fensir. Ba auduga, ba filasta a makarantar gaba ɗaya. Da uwarta ta zo, ni ta kama da faɗa, kuma ban ga laifinta ba.

Na uku, awo da kimiyya. Abin kunya ne a ce jikokin mutanen da suka riƙe mudu da sikeli a kasuwannin garin nan su gama firamare ba su taɓa auna komai da hannunsu ba. Ka tambayi ɗan aji biyar santimita nawa ne a mita, zai ce 100 kafin ka rufe baki. Ka ce ya nuna maka mita ɗaya da hannunsa, sai ya tsaya yana kallonka. Tef ɗin tela, mai santimita 150 a gefe ɗaya da inci 60 a ɗaya gefen, ya isa yara su auna tsayin junansu, da ƙofar aji, da faɗin benci. Ledar fiya wata rabin lita ce, a juye biyu a gora yaro ya ga lita da idonsa. A kawo derika da bokitin fenti, waɗanda da su uwayensu ke awon shinkafa da gari a nan Legas, a bar su su gano da kansu nawa ke cika nawa. Batir mai bolt 1.5 da guntun waya da ƙwan tocila sun isa yaro ya gane cewa wuta ba ta kamawa sai hanyarta ta zagayo ta haɗe. Maganaɗisu daga jikin tsohuwar sifika ya nuna masa ƙusa tana kamuwa, murfin roba ba ya kamuwa. Wake a gwangwani uku, ɗaya a taga, ɗaya a cikin kwali mai duhu, ɗaya ba ruwa, bayan mako guda darasin tsiro ya koyar da kansa.

Wanda na fi so shi ne na inuwa. Ka kafa sanda a tsakar makaranta, yara su riƙa zana ƙarshen inuwarta da alli kowace awa. Za su ga tana gajarta har rana ta take tsaka, sannan ta juya ta fara tsawo. Malamin Islamiyya ya riga ya karantar da su cewa azahar tana shiga in rana ta yi zawali, la'asar kuma in inuwar abu ta kai tsawonsa bayan inuwar zawali. Ga fiƙihu ga kimiyya ga awo a sanda ɗaya. Allah ya gafarta malamai, ku da kuka san wannan kafin zuwan agogon waya, ku ne ya kamata ku fara goyon bayanmu.

Ai ma ba baƙon abu muke kawowa ba. Duk wanda ya yi makarantar allo a cikinku ya san da hannunsa ya fara karatu. Shi ya wanke allonsa ya jingine a rana, shi ya fere alƙalaminsa na gamba, shi ya daka gawayi ya haɗa da ƙaro ya yi tawada. Kowane almajiri da allonsa, ba a taɓa cewa allo ɗaya ya ishi tsangaya a kulle shi a ɗakin malam ba. Turawan da ake buga sunansu a allon tallar makarantu ma a nan suka tsaya. Maria Montessori da ta buɗe makarantarta ta farko a wata unguwar talakawa a birnin Rum a 1907, 'yan katakai da duwatsun ƙirga da haruffan da ake shafawa da yatsa ta ba yara. Mu mun ɗauki sunan mun bar kayan.

Na huɗu, ɗan abin da ake da shi ma ba ya zuwa hannun yaro. Akwai makarantun da suka sayi taswira da ƙwallon duniya da akwatin lissafi, amma suna saman kabad a ofis cikin ledarsu, sai ranar da masu duba makarantu za su zo a sauko da su a goge. In malami ya roƙa, sai ya sa hannu a littafi, in wani abu ya fashe a cire a albashinsa. Wa zai ɗauka? Kayan da aka yi don hannun yara dole wata rana su karye. Wanda kuma malami ya wahala ya haɗa da kansa, damina take cinyewa. Kun san ruwan Yuni da Yuli a garin nan. Katunan haruffan da na kwana uku ina yankawa, na dawo daga hutu na tarar sun yi laushi sun yi funfuna, gara ta gama da na ƙasa. Alli yana jiƙa ya ƙi rubutu, almakashi ya yi tsatsa. A Kano ko Sakkwato kwali zai shekara a kan taga bai yi komai ba. A Legas sai da mazubi mai murfi.

Na biyar gajere ne. Majigi wuta yake ci. In an ɗauke, sai janareta, litar fetur kuwa da ba ta kai naira 200 ba kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023, ta haura naira 900 kafin ƙarshen 2024. Wa zai riƙa zuba man, kuma daga wane aljihu? Ƙasar nan ta taɓa yin irin wannan. Da aka shigo da tsarin karatu na 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a) a farkon shekarun 1980, an yi odar injunan koyon sana'a daga waje aka raba wa makarantun sakandare, da yawansu suka yi tsatsa a cikin akwatunansu don ba wuta, ba ɗakin kafa su, ba wanda ya iya sarrafa su. Wasunku sun gani da idonsu.

Kada a fahimce ni baibai. Ba na gaba da kwamfuta, da waya nake neman rabin dabarun da nake koyarwa, kuma ina so yaranmu su iya ta kamar kowa. Maganar ita ce wanne ke gaba. Kuma mu sani, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 da kuɗin da ke biyo ta makarantun gwamnati suke nufa. Tamu makarantar ba mai kawo mata ko guntun alli daga Abuja ko Alausa, mazaunin gwamnatin jihar Legas. Abin da iyaye suka tara shi ne ke nan, iyayen nan kuwa masu dako ne, da masu shayi, da masu gadi, da masu tura baro. Kuɗin guminsu ya cancanci a sa shi inda kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Don haka ga roƙonmu, ranku ya daɗe.

A dakatar da karɓar kuɗin majigi na shekara ɗaya. Inda aka riga aka karɓa, a kira taron iyaye a nemi izininsu a karkatar da wani kaso.

A ba kowane aji akwatinsa, na ƙarfe ko babbar roba mai murfi, makullin yana hannun malamin ajin. A ciki a samu alli fari da mai kala, rula ga kowane benci, almakashi marar tsini aƙalla ɗaya ga yara huɗu, abin fiƙe fensir, gam, kwali, fensir mai kala, zare, robar ɗauri, tef ɗin tela, da auduga da filasta. Manyan azuzuwa a ƙara musu batir da waya da ƙwan tocila da maganaɗisu da gilashin ƙara girman abu. A mayar mana da baƙin allo ko da a bango ɗaya ne, siminti da baƙin fenti kawai yake ci, farin ya zauna a gefensa. Ƙananan azuzuwa kuma a yanka musu 'yan alluna na falanki, kowane yaro da nasa, ya rubuta amsa ya ɗaga, malama ta ga na kowa a kallo ɗaya.

A ware wa akwatin nan kuɗinsa kowane zango, da sunansa a cikin lissafin makaranta, a karanta a gaban iyaye: ga abin da aka saya, ga rasit. A daina cire wa malami albashi don rula ta karye a hannun yaro.

Iyayenmu 'yan kasuwa kuma, rabin abin da muke nema kuna zubar da shi kullum. Kwalayen da ake jibgewa a bayan shaguna, ƙyallayen da ke ƙarƙashin keken tela, guntayen katako a wajen kafinta, marafan lemo a wajen mai shayi, ragowar takardar da masu ɗab'i na Shomolu ke yankewa. Ƙaro ma a hannun mutanenmu yake, in an jiƙa shi yana kama takarda. Abin da ya rage shi ne mutum ɗaya a kowane kwamiti da za a ɗora wa alhakin tattarawa, da sanarwa ɗaya bayan sallar Juma'a. In Sarkin Hausawan unguwa ya yi magana sau ɗaya, ya fi mu yi yawon shago-shago shekara guda.

Sannan a ba mu yini ɗaya a farkon kowane zango, kafin yara su dawo, malaman makarantun unguwa su haɗu a aji guda, kowa ya nuna abin da ya iya, a yanka, a ɗaure, a liƙa tare. Ba mu ce a ɗauko masani daga jami'a ba. A cikinmu akwai malamar da ta haɗa sikeli da maratayin riga da gwangwani biyu, yaranta suna auna gyaɗa da shi. Abincin rana da kuɗin mota sun ishe mu.

Na ƙarshe, kafin ku zauna taron yanke shawara, muna roƙon mutum biyu ko uku daga cikinku su zo su zauna a bencin baya na awa ɗaya, ba tare da an sanar da zuwansu ba. Ni ranar Laraba da ƙarfe goma nake lissafi. Tsinkayen suna nan a cikin robar da na saya, sai dai ɗauri goma sha biyu ne kacal suka rage, don haka wanda zai zo ya taho mana da tsintsiya.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Wassalamu alaikum.

'Yarku,
Malamar aji huɗu, Agege,
a madadin 'yan'uwanta malamai.